Kunnen Aku

Tun da Safiyo ya ajiye aikin awon filaye, safiyarsa ta koma hannun rediyo. Ba irin wadda ake kunnawa don jin labarai ba ce, irin wadda mutum ke magana a ciki a amsa masa ce. Yaran unguwa suna kiranta oba-oba, shi kuwa ya hana a faɗi wannan suna a gidansa, domin sai da ya zauna jarrabawa kafin hukuma ta ba shi lasisi. Ya ɗora ta a ƙaramin ɗakin da ke kallon gabas, bisa teburin da 'ya'yansa suka yi karatu a kai, ya ja waya ta kusurwar taga har kan rufi inda eriya take.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda daɗewar da ta yi tana koyarwa, ita ma tana da kujera a ɗakin, a gefen teburin inda haske ya fi sauka. Nan take shan shayinta tana saƙa wa jikoki huluna. Ba ta taɓa sa hannu a rediyon ba, amma ta san duk wanda ke cikinta kamar yadda ake sanin maƙwabta ta bayan katanga.

Su huɗu ne ke haɗuwa a iska kowace safiya idan rana ta ɗaga. Akwai Kyaftin, wanda ya tsufa yana tuƙa jirgin ruwa, shi ke buɗe zama ya rufe. Akwai Likita, wanda ya daina cire haƙora amma bai daina ba da shawara ba. Akwai Tela, wanda ake jin ƙarar kekensa a bayan muryarsa. Sai Safiyo. Ba su taɓa ganin juna ba, kuma babu mai lambar wayar wani. Ka'ida ce suka kafa tun farko, cewa abotar iska a bar ta a iska. Tsaunuka sun raba garuruwansu, don haka muryar wani ba ta isa ga wani kai tsaye, sai ta bi ta wata na'ura da ƙungiyarsu ta kafa a kan tsauni mafi tsawo, wadda ke karɓar magana ta sake watsa ta da ƙarfi. Saboda ba ta da aiki sai maimaita abin da ta ji, suka sa mata suna Aku.

Rikicin ya fara ne daga waya. Wata safiya Kyaftin ya ba da labari cewa ya yanka sabuwar wayar eriya, kuma da kamun hannunsa ya auna ta. Malama ta ga wuyan mijinta ya miƙe. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana faɗa a kan taƙi ɗaya na ƙasa, ga wani yana auna waya da gwiwar hannu yana dariya. Gardama ta yi tsawo, Tela yana zuga wannan, Likita yana zuga wancan. Can Safiyo ya danna makirufo, ya rufe ido kamar yadda ya saba idan zai yi magana, ya ce, "Kyaftin, da ni ke rabon jirage, ko kwale-kwale ba zan damƙa maka ba."

Kafin ya buɗe ido wari ya cika ɗakin. Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan tsohuwar rediyon, fitilunta suka mutu, ba ta ƙara motsi ba.

Mai gyara ya duba ya ce an daɗe da daina ƙera abin da ya ƙone. Ana cikin haka autarsu ta aiko da sabuwa, ƙarama mai kyalli, da allo mai haske da maɓallai kamar ƙwayar wake. Ta ce mijinta zai zo ya saita, Safiyo ya ce a gaishe shi. Ya sa tabarau, ya buɗe littafin bayani, ya wuni a kai. Da yamma ya kira Malama ta ga abin mamaki.

"Kin ga wannan? Gurabe ne da ita. A tsohuwar sai na yi ta murɗawa ina neman mita kamar mai laluben allura. Wannan kuwa sau ɗaya zan nemi mitar in ajiye ta a gurbi, daga nan ko a mafarki na murɗa zan same ta. Ga Aku nan a gurbi na ɗaya."

"Allah ya sa albarka," in ji Malama. "Ka shirya abin da za ka ce wa Kyaftin?"

Ta san ya shirya. Ta ji shi a banɗaki yana gwadawa.

Washegari muryoyin suka cika ɗakin, tas kamar mutanen na zaune a kan tabarma. Kyaftin ya buɗe zama, ya bi su ɗaya bayan ɗaya bisa al'ada. Da ya zo kan na ƙarshe ya ce, "Safiyo, kana tare da mu?" Sai ya yi shiru ya bar masa fili.

Safiyo ya gyara murya, ya danna, jar fitila ta kama. Ya yi sallama, ya ce rediyonsa ce ta ƙone, sannan ya ce maganar da ya yi ranar nan ba ta dace ba, a yi masa afuwa. Ya saki makirufo.

"Shiru," in ji Kyaftin. "To, Allah ya sa lafiya. Tela, ci gaba."

Safiyo ya dubi Malama, ya dubi rediyon. Ya sake dannawa ya maimaita, ya ƙara da cewa shi ne mai laifi. Tela ya ci gaba da labarin wani ango da ya yi ƙiba tsakanin awo da ɗinki, aka yi ta dariya, babu wanda ya tanka masa.

Haka aka yi gobe, haka aka yi jibi. Kullum Kyaftin ya kira sunansa ya bar fili, kullum Safiyo ya cika filin da ban haƙuri, kullum a ce shiru. Ban haƙurin ya riƙa tsawo. Ya yabi jiragen ruwa da masu tuƙa su. Wata rana har ya ce awo da kamu ma awo ne, magabata da shi suka yi gini. Malama ta san abin da wannan magana ta ci masa, ta sunkuyar da kai kan saƙarta.

"Horo suke yi mini," ya ce mata. "Sun haɗa baki. Su kira ni in amsa, su yi kamar iska ce ta wuce."

"Anya, Malam? Muryar Kyaftin ba ta yi mini kama da ta mai horo ba. Ko dai ba sa jin ka ne?"

"Ga fitila tana kamawa, ga ma'aunin ƙarfi yana cika. Mitar kuwa na duba ta har na gaji, daidai take ba ƙari ba ragi. Da ba daidai take ba, ta yaya nake jin su?"

Ta koma kan saƙarta.

Abin da ya dame ta shi ne yadda gidan ya canza. A da idan an rufe zama yakan biyo ta ɗakin girki da labarai, ya kwaikwayi Likita, ya tsaya a kanta yana gyara mata yadda ake yanka albasa har sai ta kore shi. Yanzu sai ya zauna a tsakar gida yana kallon bango. Ya bar aski ya wuce lokacinsa. Da jikoki suka zo bai ɗauko tef ya auna tsawonsu a jikin ƙofa ba. Malama ta sa abin a addu'arta, ba ta gaya wa kowa ba, domin tana jin nauyin a ce dattijo yana ramewa saboda an ƙi amsa masa gaisuwa. Amma ta sani cewa mutanen nan uku su ne abokan da suka rage masa. Na wurin aiki wasu sun rasu, wasu sun bi 'ya'yansu zuwa nesa.

Ranar wata Juma'a da yamma ya ce, "Gobe zan saurare su na ƙarshe. In an tashi zan mayar da ita kwalinta, ki gaya wa Auta ta ba wanda zai amfana. Eriyar ma a sauke ta. Na girmi a riƙa wasa da ni."

Ya faɗi maganar ba tare da ɗaga murya ba, wannan ne ya sa ta tsorata.

Da safe ta kawo shayi ta zauna, amma ba ta ɗauko saƙa ba. Ta ce a ranta tun da yau ce ta ƙarshe, bari ta kalli abin nan da kyau. Aka buɗe zama. Likita ya yi magana kan ciwon gwiwa, Tela ya ce gwiwar da ba ta taka keke dole ta yi tsatsa. Kyaftin ya kira Safiyo ya bar fili. Safiyo ya danna, ya rufe ido, ya fara ban kwana cikin murya mai nauyi.

Malama tana kallon allon. Lambobin suna nan tsaye. Ya yi magana ya gama ya saki, ba su motsa ba. Wani abu ya riƙa sukar ta a rai, kamar idan ta shiga aji ta ji an canza wani abu amma ba ta gane ko mene ne ba. Sai ta tuna.

"Malam, sake dannawa."

"Na gama da su."

"Ba don su ba, don ni. Danna kawai."

Ya danna. Ta matso da kujera har gwiwarta ta taɓa tebur.

"Me ya sa wannan ba ta tsalle?"

"Wace ce ba ta tsalle?"

"Lambar. A tsohuwar, duk lokacin da ka danna sai lambar ta sauka ƙasa, in ka saki ta dawo. Kullum ina ganin ta. Da ita nake gane ka gama magana in miƙo maka shayi. Wannan kuwa tun ɗazu tana tsaye kamar an kafe ta da ƙusa."

Safiyo ya tsaya da makirufo a hannu. Bai taɓa ganin tsallen da take faɗa ba, domin bai taɓa magana ido buɗe ba, amma ya san ma'anarsa. Ta ga fuskarsa tana sauyawa a hankali, daga ɗaurewa zuwa mamaki, daga mamaki zuwa wani abu mai kama da kunyar yaro.

"Inna lillahi," ya ce. "Tazarar! Malama, tazarar!"

"Yi mini bayani, ni ban zauna jarrabawa ba."

"Aku mita biyu gare shi. Da ɗaya yake saurare, da ɗaya yake magana, akwai tazara a tsakani. Tsohuwar rediyon wani ɗan makunni ne da ita a gefe, na tura shi tun ranar da na saye ta, ban sake bi ta kansa ba, har na manta yana nan. Shi ke sauke ni zuwa mitar sauraron in na danna. Wannan kuwa kowane gurbi sai an ajiye masa tazararsa. Ni mitar kawai na ajiye."

"Wato duk kwanakin nan..."

"A bakin Aku nake ta zuba magana. Kunnensa yana can wani wuri."

Malama ta rufe baki da gefen mayafi. Ta yi iya ƙoƙarinta, amma kafaɗunta suka tona ta.

"Yi dariyarki," in ji shi, shi ma yana danne tasa. "Har na ce awo da kamu awo ne."

"Ka faɗa, ni shaida ce. Sai dai ni kaɗai ce shaidar."

Ya jawo littafin bayani, ya kasa samun shafin. Ta karɓa, ta sa tabaraunta, ta bi jerin babuka da yatsa kamar mai duba jarrabawa har ta samo. Tana karantawa yana dannawa. Ya shiga inda ake saita tazara, ya zaɓi ta ƙasa, wata 'yar alamar ragi ta fito a saman allon. Ya taɓa makirufo kaɗan, lambar ta yi tsalle ta sauka, ya saki ta dawo. Daga rediyon suka ji wani ɗan sauti, ƙit, alamar Aku ya ji.

"Wane ne wannan ke taɓa mana ƙofa ba sallama?" in ji muryar Tela.

Safiyo ya janye hannu kamar ya taɓa wuta.

"Ga shi sun ji ka," in ji Malama. "Yi magana."

"Tukuna. Sai na ajiye shi a gurbin. Ba a gini a kan turken da ba a kafa ba."

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta gane ba gurbin ne ya tsayar da shi ba. A da yana da tabbacin sun ƙi shi, yanzu kuma bai san me zai tarar ba. Ta koma kan littafin.

"An ce ka danna maɓallin ajiya ka riƙe har lambar gurbi ta fara ƙiftawa."

Ya danna ya saki da wuri, rediyon ta fita daga wurin gaba ɗaya, alamar ragin ta ɓace.

"Riƙewa aka ce, Malam, ba tsunkuli ba."

Suka sake daga farko. A cikin rediyon Likita yana cewa zai tafi, jikarsa na jiran a kai ta Islamiyya. Kyaftin ya fara jero kalmomin da yake rufe zama da su. Safiyo ya danna ya riƙe, lambar ta fara ƙiftawa, wani rubutu ya fito.

"Me take cewa?"

"Tambaya take, akwai abu a gurbi na ɗaya, a goge shi a sa sabon?"

"A goge shi. A goge shi har abada."

Ya danna, rediyon ta yi ƙara sau biyu. Ya murɗa zuwa gurbi na biyu ya dawo na ɗaya don ya tabbata, alamar tana nan zaune daram. Bai da sauran abin fakewa. Malama ta ɗauki makirufo ta sa masa a hannu, ta ce, "Bismillah."

Ya danna. Wannan karon idonsa a buɗe yake, a kan lambar.

"Assalamu alaikum. Safiyo ne."

Nan take duk suka danna a tare, muryoyi suka hau kan juna, rediyon ta yi ta kuka kamar an taka kyanwa. Da ƙyar muryar Kyaftin ta fito ita kaɗai.

"Kowa ya saki! Ku saki, na ce! Safiyo? Kai ne da ranka? Alhamdulillahi! Bawan Allah, ina ka shiga? Kana tsakiyar magana muka ji ɗif. Likita ya ce zuciya ce, Tela ya ce matarka ce ta gaji ta sayar da rediyon."

"Ban ce ta sayar ba," in ji Tela. "Cewa na yi in ta sayar ba ta yi laifi ba."

Safiyo ya yi musu bayanin hayaƙin da sabuwar rediyo da tazarar da ya manta. Bai ɓoye komai ba. Dariyar da Likita ya yi sai da ta koma tari. Ya ce shi a aikinsa in ka manta abu mai haƙorin ne ke tuna maka nan take. Da aka lafa, Safiyo ya gyara zama ya ce, "Kyaftin, maganar da na faɗa maka ranar nan, ina neman afuwa. Ba ta dace ba."

"Wace magana?"

"Wadda na faɗa kafin rediyon ta mutu."

"Abin da muka ji shi ne, 'Kyaftin, da ni ke,' sai ɗif. Kwana da kwanaki muna ƙarasa maka. Tela ya ce da kai ke da kuɗi da ka saya mini tef. Ashe zagi ne? To faɗo shi mu ji, kada ya yi kwantai."

Safiyo ya juyo ya dubi Malama. Ta girgiza kai a hankali, idonta cike da hawayen dariya.

"Ya bi hayaƙi," ya ce. "Ba ya dawowa."

"Na yafe abin da ban ji ba," in ji Kyaftin. "Amma ka sani wayata tana aiki lafiya lau, kuma da kamu na auna ta."

"Sa'a ka yi, ba ilimi ba."

"Ya warke!" in ji Tela. "Jama'a, Safiyo ya warke."

Malama ta tashi za ta ɗumama shayin da ya huce, sai ta ji Kyaftin ya sauya murya, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Safiyo, akwai magana. Da shirunka ya yi yawa mun zauna mun ga ka'idar nan tamu tana da rami. Mutum zai iya faɗuwa a ɗakinsa, mu muna nan muna kiran suna a iska. Mun riga mun yanke cewa ranar Lahadi za mu shiga motar Likita mu zo garinku mu bi unguwa-unguwa muna kallon rufin gidaje, inda muka ga eriya mu ƙwanƙwasa. Har Tela ya ɗinka sabuwar riga."

"To ai ga ni, an same ni."

"An same ka, amma an riga an zuba mai, riga kuma ta ɗinku. Sai dai ka rage mana wahala ka faɗi hanya."

Safiyo ya saki makirufo ya juyo. Ta daɗe ba ta ga fuskarsa haka ba.

"Malama, kin ji?"

"Na ji. Ka tambaye su ko akwai wanda ba ya shan sukari."

Ya tambaya, Likita ya ce shi ne ke hana mutane amma shi yana sha. Sannan Safiyo ya shiga kwatance. Ya ce idan sun sauko daga babbar hanya su fuskanci arewa maso gabas, su bi gangaren har inda ƙasa ta fara tashi, su karkata dama kaɗan kamar kashi ɗaya cikin takwas na da'ira.

"Dakata," in ji Kyaftin. "Ni da na ratsa teku ban gane ba, balle Tela."

"Ni daga arewa aka bar ni," in ji Tela.

Malama ta dawo ta tsaya a bayan kujerar mijinta.

"Malam, ce musu su tambayi kantin magani na kusa da tashar mota. Gida na biyu a bayansa, mai koriyar ƙofa."

"Wannan ai ba kwatance ba ne."

"Faɗa musu dai."

Ya yi ajiyar zuciya, ya danna, ya faɗa kamar yadda ta ce, kalma bayan kalma.

"Yauwa," in ji Kyaftin. "Yanzu muka ji magana. A gaishe da mai kwatancen, a ce mata muna tafe da yunwarmu."